Sholishon Da Yaron Shago Ke Shaƙa Ba Da Son Ransa Ba

Ya ku 'yan'uwana samari, yau ina so mu tsaya mu dubi wani al'amari da yake nan ƙarƙashin hancinmu, amma saboda tsabar sabo mun daina jin warinsa.

Duk cikinmu babu wanda bai san ɗan sholisho ba. Mun san shi da tsummansa a dunƙule a hannu, yana kai wa hanci yana saukewa, idanu jajur, leɓe a bushe, yana tangaɗi a bakin tasha ko a gindin gada. In mun gan shi mukan yi tir, mu ce Allah Ya shirya. An yi wa'azi a kansa, an yi rubutu, kuma ya cancanta a yi. Binciken shekarar 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ƙiyasta cewa masu irin wannan shaƙe-shaƙe a Nijeriya sun kai kimanin 300,000. To amma laifi tudu ne, ka take naka ka hangi na wani. Akwai wani mai shaƙar sholisho da wancan lissafi bai ƙirga ba. Sahunmu ɗaya da shi a masallaci, ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba, wataƙila ma shi ne ya miƙa kuɗinsa yau ya sayi wannan jarida. Wannan kuwa shi ne yaron shago.

Kwanakin baya na kai takalmina gyara wani shago a lungunan Fagge, ba nisa da masallacin Juma'a. Shagon bai wuce taku huɗu ba, babu taga, ƙofa ɗaya ce, ita ma an rataya mata buhu saboda ƙura. Yara uku na zaune a ƙasa, da gwangwanin sholisho a buɗe a tsakiyarsu, suna lakata da ɗan yatsa suna shafa wa tafin takalma, suna jerawa a gefe domin ya sha iska. Wallahi ban cika minti goma ba na ji kaina ya yi nauyi, idanuna suna yaji. Na ce da babban cikinsu, "Ƙanena, warin nan ba ya damunku?" Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mu mun saba, ba ma jin sa. Sai dai in an tashi da yamma mutum ya ji kansa na sarawa, ya nemi Panadol." Tun daga ranar maganar yaron nan ba ta bar ni ba, domin abin da ya faɗa yana dariya shi ne ainihin alamar cutar.

Kuma ba masu takalma kaɗai ba ne. Ka zaga daga Bata ka shiga titunan Sabon Gari, ka dawo ta Fagge, ka ƙirga masu fentin mota da babur, da kafintoci masu fesa wa kujeru da gadaje man ƙyalli, da masu kushin, da masu faci, da yaran maɗaba'a masu wanke injin buga takardu, da masu buga rubutu a jikin riga. Dukkansu da sholisho ko tina ko fetur suke wuni. Mafi yawansu kuma sa'o'inmu ne ko ƙannenmu, waɗanda iyayensu suka kawo su koyon sana'a don kada su lalace.

Wai shin mene ne a cikin gwangwanin nan? Gam da fenti da tawada, in ba a tsinka su ba, ba sa shafuwa. Saboda haka ake narka su a cikin wani ruwa mai saurin tashi, wanda da an shafa sai ya bi iska ya bar gam ɗin a manne. Wannan da muke cewa "ya bushe", ba ɓacewa ruwan ya yi ba, komawa ya yi tururi ya cika ɗakin, kuma huhun wanda ke zaune a wurin shi ne masaukinsa. Haɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma wanda aka fi samu a sholisho da tina shi ne wani sinadari mai suna toluwin, sau da yawa tare da ɗan'uwansa hekzen. Fetur kuwa yana ɗauke da na uku, benzin, wanda ya fi su duka mugunta. Da zarar an shaƙi toluwin, daga huhu sai jini, daga jini sai ƙwaƙwalwa, domin shi abu ne mai son maiƙo, ƙwaƙwalwa kuwa da jijiyoyi cike suke da maiƙo. Mayen da ɗan sholisho ke nema da tsummansa ke nan. Shi ne kuma jirin da yaron shago ke ji da la'asar yana zaton yunwa ce.

Yanzu ga inda nake so ɗan'uwa mai karatu ya natsu. Wannan abu yana da ma'auni, kuma an daɗe da yanke masa iyaka. Masana suna auna shi da kashi kaza cikin miliyan na iskar da ake shaƙa, kamar ka ce ƙwayar gero kaza a cikin ƙwaya miliyan. A Ingila, doka ba ta yarda toluwin ya wuce kashi 50 cikin miliyan ba in an daidaita shi a kan aikin awa 8, kuma ko na minti 15 ne kada ya wuce kashi 100. Tarayyar Turai ma wannan adadi ta ɗauka a 2006. A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA tana kan kashi 200 tun 1971, kuma ita da kanta ta yarda cewa da yawa daga cikin iyakokinta sun tsufa. Cibiyar bincikensu ta NIOSH ta ba da shawarar kashi 100, ta kuma ce in ya kai 500 to rai na cikin haɗari nan take, a fice kawai. Ƙungiyar masana ta ACGIH kuwa, wadda ƙasashe da dama ke bin alƙalumanta, ta sauke nata daga 50 zuwa 20 a 2007, bayan an ga yana taɓa gani, yana kuma jawo ɓarin ciki ga mata. Ka lura da kyau, duk sa'ad da ilimi ya ƙaru, ƙasa ake yi da adadin.

Kada alƙaluman nan su zame mana tatsuniyar Turawa, bari mu kawo su Fagge. Ɗauki shago mai mita 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 zuwa rufi, a rufe shi babu iska. In toluwin da bai fi mililita 6 ba ya tashi a ciki, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗigo, to an riga an kai iyakar Ingila. Rabin cokalin shayi ya isa a kai kashi 20. Wancan kashi 500 kuwa da aka ce rai na cikin haɗari, mililita 60 ne kawai, bai kai rabin gwangwanin madara ba. To, don Allah, mai takalma ya faɗa mana gwangwani nawa yake ƙararwa a mako. Mai fenti ya faɗa mana galan nawa na tina yake fesawa a jikin mota ɗaya. Gaskiya ne ƙofa a buɗe tana rage wani abu, amma wa ya taɓa auna abin da ya saura?

Bugu da ƙari, waɗannan iyakoki an yanke su ne domin baligi lafiyayye, mai aikin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, wanda in ya tashi zai koma gida jikinsa ya samu sararin fitar da abin da ya shiga. Yaronmu fa? Daga hantsi har bayan Isha'i, kwana shida ko bakwai, wani shekarunsa 12, wani kuma a shagon yake kwana domin shi ne mai gadi. Tururin toluwin ya fi iska nauyi kusan sau uku, ƙasa yake kwantawa, daidai inda mai takalma ke zaune, daidai inda yaro ke shimfiɗa tabarma. Da bazara, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40, tashinsa ya fi sauri. Da hunturu kuma mu da kanmu muke toshe ƙofa da taga. Ka ga ke nan babu lokacin da yaron nan ya huta.

"Mun saba, ba ma jin sa." Hanci yakan fara jin warin toluwin tun bai kai kashi 10 ba, wannan wata rahama ce, mai gadi ne aka sa mana a bakin ƙofa. Amma in wari ya daɗe sai hanci ya gaji ya yi shiru, alhali gubar tana nan tana shiga. A wajen kashi 100 ake fara ciwon kai da kasala da yajin ido. A wajen 200 hannu ya fara kuskure, tunani ya yi nauyi, nan ne wuƙa ke yankar yatsa, nan ne mutum ke hawa babur ya nufi gida ya kasa taka birki a kan kari. In aka yi shekaru a haka sai mantuwa, da saurin fushi, da rashin barci, da kasa bambance wasu launuka. In kuma ga ƙarar janareta ko kwampireso, to su biyun sukan haɗu su ci kunne fiye da yadda kowannensu zai yi shi kaɗai. Sai ka ji ana cewa wane ya canza hali, ko an yi masa sammu, a yi ta yawon neman magani, gwangwanin kuwa yana nan a buɗe.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A birnin Istanbul na Turkiyya, masu takalma sun koma amfani da gam mai benzin saboda araha, a 'yan ƙananan shaguna marasa iska irin namu. Wani likitan jini mai suna Muzaffer Aksoy ya bi diddigi, ya samu mutum 26 da sankarar jini a cikin masu wannan sana'a 28,500 tsakanin 1967 da 1973, abin da ya kai ninki biyu na sauran jama'a, ban da waɗanda ɓargonsu ya daina yin jini. Duk da irin wannan shaida, da Amurka ta so sauke iyakar benzin daga kashi 10 zuwa kashi 1 a 1978, masu masana'antu kotu suka garzaya, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1980, ba a samu tabbatar da ita ba sai 1987. Shekara tara ana ja-in-ja a kan jinin ma'aikata! A Japan kuma, a yankin Mie, masu yin silifa a cikin gidajensu da gam mai hekzen ne abin ya faɗa wa. Rahoton 1969 ya nuna a cikin mutum 1,662 da aka bincika, 93 jijiyoyinsu sun lalace. Cutar takan fara da minjirya a yatsun ƙafa da na hannu, sai rashin ji, sai ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita, kuma ko an bar aikin takan ci gaba da tsananta na wasu watanni kafin ta lafa. Kada a ce wannan labarin da ne. A 2009, a birnin Suzhou na ƙasar Sin, ma'aikata 137 na kamfanin Wintek sun kamu saboda goge gilashin waya da hekzen, don kawai ya fi saurin bushewa, kuma kamfanin Apple da ake yi wa aikin ya tabbatar da haka a rahotonsa na 2011. A duk wuraren nan uku dalilin ɗaya ne: araha da sauri ga mai dukiya, cuta ga mai ƙwadago.

Wani zai ce ai Nijeriya babu doka. Akwai. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wadatar iska a wurin aiki, da fitar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke kula da ita, ta haɗa da cutar da mutum ya samu ta dalilin aikinsa. Ƙasar nan ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, da ta 187 a 2022, dukkansu a kan lafiyar ma'aikaci. Ya kamata mu san da su, mu kuma neme su, domin haƙƙi ne ba alfarma ba. Amma takarda ba ta buɗe taga. Shagunan nan dubbai ne, a lungu da saƙo, kuma masu su ba wasu baƙi ba ne, mu ne, yayyenmu ne, iyayen gidanmu ne. In za mu ɗaga murya a kan zaluncin manya, to kada mu manta da wanda ke faruwa a shagon da mabuɗinsa ke aljihunmu.

Saboda haka, ya kai maigida, da kai nake. Ranar da uban yaron nan ya kamo hannunsa ya damƙa maka ya ce "ga amana", bai ce ban da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa ba. Jiya kana iya cewa ba ka sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Yau ka karanta. Kai da kake zaune a bakin ƙofa kana shan iska kana ciniki, yara na can ƙurya da gwangwani, me za ka ce in bayan shekara goma ɗayansu ya zo yana jan ƙafa? Gyaran kuma ba ya bukatar jari mai yawa. A fasa taga a bangon da ke fuskantar ƙofa domin iska ta ratsa. A riƙa shafa gam da shanya shi a waje, ƙarƙashin rumfa. A ɗibi kaɗan a ƙaramin mazubi a rufe babban gwangwani, a shafa da buroshi maimakon yatsa. Tsumman da ya jiƙe da tina a jefa shi a bokitin ƙarfe mai murfi a waje. In za a sa fanka, a kafa ta yadda za ta kwashe tururin daga fuskar mai aiki ta fitar da shi, domin fankar sama a rufaffen ɗaki juya gubar kawai take yi. Kada a yi feshi a rufaffen gareji. Kada yaro ya kwana ko ya ci abinci inda kayan nan suke. Kada a kunna risho ko igiyar leko ko ashana kusa, domin tururin yakan rarrafa ta ƙasa ya je ya tarar da wuta ya dawo da ita. Ƙananan yara da mata masu ciki, musamman masu aikin takalma da jaka a cikin gida, a nisanta su da shi gaba ɗaya. Sannan a guji sayen wanda aka ɗura a gorar ruwa babu suna babu bayani, a nemi mai rubutu a jiki, in kuma akwai gam ko fenti na ruwa da zai yi aikin, a gwada shi.

Kai kuma ɗan'uwa mai aiki, akwai wasu camfe-camfe da ya kamata mu binne. Madarar da masu fenti ke sha bayan feshi abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, guba kuwa ta huhu ta shiga, ba za su ma haɗu a hanya ba. Hankici da rawani da takunkumin da muka saba da shi a 2020 lokacin korona, ƙura suke tarewa, tururi ratsa su yake yi kamar ruwa a rariya. Takunkumin da ke aiki shi ne na roba mai gwangwanayen gawayi a gefe, na Turai alamarsa ruwan ƙasa da harafin A, na Amurka baƙa, kuma gawayin yakan cika, dole a riƙa sauyawa. A nan akwai wata gaskiya da ta shafe mu musamman: irin wannan takunkumi sai ya manne da fata yake aiki, gemu kuwa yakan bar kafa. Ba cewa nake ka taɓa gemunka ba. Cewa nake kai mai gemu, kariyarka ta farko ita ce iska da fili, kada ka rataya takunkumi ka shiga rufaffen ɗaki kana zaton ka tsira. Haka nan wanke hannu da tina ko fetur kafin alwala, a daina, domin yana ratsa fata, a goge da man gyaɗa sannan a bi da sabulu. Mai zuƙo fetur da tiyo a baki, makanike ne ko ɗan bumburutu, shi ma ya ji tsoron Allah a kan ransa.

In wani ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, a fitar da shi iska nan da nan, a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti. In a cikin tanki ko rami ne, kada wani ya yi ta maza ya faɗa ciki haka kawai, sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. In yaro ya sha tina ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin in ya sarƙe ya gangara huhu ya fi haɗari. Wanda kuma yake fama da ciwon kai kullum, ko minjirya a yatsu, ko yawan haɓo da ɗashewa, ya je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa, kuma abu na farko da zai faɗa wa likita shi ne sana'arsa, in da hali ya tafi da gwangwanin. Ko shi ɗan sholishon na gindin gada, in kun same shi a buge kada ku firgita shi ko ku bi shi da gudu da bulala. Tun 1970 wani likita a Amurka, Millard Bass, ya tattara labarin matasa 110 da suka faɗi matattu bayan shaƙe-shaƙe, da yawansu a daidai lokacin da suka razana ko suka zabura da gudu, domin abin yakan sa zuciya ta rikice. Gyara muke nema, ba gawa ba.

Daga ƙarshe, ya ku samari, wannan aiki ne da ba sai mun jira kowa ba. Ƙungiyoyin masu takalma da masu fenti da kafintoci da masu maɗaba'a na Fagge da Sabon Gari suna tara kuɗin biki da na jaje, to su tara na fasa taga da sayen takunkumin kirki, su gayyato masana lafiya daga Jami'ar Bayero su zo su auna iskar shaguna a gaban kowa. Sabon Gari kuwa ta tara kowa da kowa, yaron da ke maƙwabtaka da kai ko Bahaushe ne, ko Ibo, ko Bayarabe, huhunku iri ɗaya ne, ka isar masa. Kai kuma da ka karanta, gobe Asabar in ka isa shago, tun kafin ka ɗauki buroshi ka yaye buhun nan da ke bakin ƙofa, ka rufe gwangwani, ka samu maigidanka cikin ladabi ka ce, "Maigida, ga wani abu na gani, don Allah a duba." In ya ji, ya ceci kansa da ku. In bai ji ba, ka kai maganar ga mahaifinka ko shugaban ƙungiya, kada ka yi shiru.

Allah Ya ba mu lafiya da sana'a mai albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu fi ƙarfin amanar da ke hannunmu.